Kwana a Bakin Titin Tashar Bassam

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga Abijan ta hanyar Gana ya san Tashar Bassam, ko da bai riƙe sunanta ba. Ka ƙetare iyaka daga Elubo zuwa Noé, ka wuce Aboisso da Bonoua, ka haye kogin Comoé a Grand-Bassam, ka biyo bakin teku har Port-Bouët, to ƙarshen tafiyarka yawanci nan ne, a unguwar Treichville, inda layin da ake kira Rue 38 ya haɗu da babban titin da kowa ke ce wa VGE. Mutanen gari suna ce mata Gare de Bassam. Daga nan ake lodin Bassam da garuruwan gabas har bakin iyaka, kuma a kewayenta akwai ofisoshin motocin da ke zuwa Akara da Lome da Kwatano da Legas. Na fi shekara 20 ina sauka a wannan wuri, da farko don goro, daga baya har da atamfa da takalma. Abin da nake so mu tattauna yau, musamman da masu niyyar ɗauko iyali su kawo Abijan, shi ne ƙarar titi, da yadda mutum zai samu barci alhali gidansa na bakin hanyar da ba ta hutawa.

Sai an san yadda garin ya zauna kafin a gane dalilin wannan hayaniya. Grand-Bassam, mai nisan kilomita kusan 40 gabas da Abijan, ita ce hedikwatar farko ta Turawan Faransa a ƙasar tun 1893. Annobar shawara ta kore su, suka koma Bingerville a 1900, daga baya suka tare a Abijan. Treichville ta samo sunanta daga wani Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène, kuma tun asali unguwar baƙaƙen fata ce, ta ma'aikata da baƙi 'yan ci-rani. Shi ya sa aka yanka ta layi-layi kamar yadda aka yanka Sabon Garin Kano, aka sa wa layukanta lambobi. Tana kan tsibiri ne a tsakiyar tafkin Ebriye, tare da Marcory da Koumassi. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka samu hanyar shigowa tafkin daga teku, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Sai aka gina gadar Houphouët-Boigny a 1957, aka ƙara ta De Gaulle a 1967, dukansu biyu kuwa a Treichville suka sauke ƙafa. To ka ga tashar jiragen ruwa a gefe guda, masana'antu a gefe guda, filin jirgin sama a can kudu, ofisoshin Plateau a ƙetaren ruwa. Mai zuwa ɗaya daga ɗaya, da wuya bai bi ta VGE ba. Sunan titin ma na tsohon shugaban Faransa ne, Valéry Giscard d'Estaing, aka taƙaita shi. Ƙidayar 2021 ta nuna birnin Abijan ya haura mutum miliyan 5 da rabi, ka ƙiyasta motocin da za su ɗauki wannan jama'a safe da yamma.

Ƙarar Tashar Bassam iri-iri ce, kowane lokaci da tasa. Tun kafin kiran assalatu manyan motoci ke fara fitowa daga wajen tashar jiragen ruwa, rugugin injinsu ya fi shiga ƙirji da kunne. Gari na wayewa sai motocin SOTRA, da ƙananan bas da ake kira gbaka, da tasin haɗaka da ake ce wa woro-woro su cika titi. Yaran mota suna rataye a ƙofa suna dukan jikin mota suna kiran "Bassam, Bassam!", direba kuma hannunsa na kan hon kamar an ɗaura masa. Da rana cunkoso ne, mota ba ta gudu amma ba ta shiru. Da dare kuwa, sa'ad da hanya ta buɗe, sai wata ƙara dabam ta maye gurbi, wato shuuu ɗin taya a kan kwalta, da babur mai fasasshiyar salansa da zai keta unguwa ya tashi jarirai goma a tafi ɗaya. A gefen wannan duka ga 'yan'uwanmu masu sayar da garba, abincin nan na garin rogo da ake kira aceke da soyayyen kifi da barkono. Sunan ma namu ne, don 'yan Nijar ne suka shahara da sana'ar har abincin ya ɗauki sunan Garba. Waɗannan bayin Allah a bakin titi suke wuni, wasu kuma a bayan rumfar suke kwana.

Ajame, wadda ke arewa da Plateau, ita ce yayar Treichville wajen hayaniya. Can ne babbar tashar motocin cikin ƙasa, can ne kasuwar Forum, can ne titin Nangui Abrogoua wanda mai tura amalanke da mai mota da mai ƙafa ke rabon taku ɗaya. A Ajame ma ana samun motar Bassam. Mai zuwa Yamoussoukro ko Bouaké ko Korhogo, ko mai shirin wucewa Burkina ya nufi Yamai da Maraɗi, daga nan yake kama babbar hanyar arewa. Bambancin da na lura shi ne, ƙarar Ajame ta mutane ce da lasifika da hon, tana lafawa idan kasuwa ta tashi. Ta bakin VGE kuwa ta titi ce, ba ta da lokacin tashi.

Mu 'yan kasuwa muna da wata magana da muke kare kanmu da ita: "Ai na saba." Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Hankali yana sabawa, amma kunne ba shi da murfi, yana aiki ko kana barci. Masana suna auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen 60. Duk ƙarin desibel 10, kunne yana jin kamar an ninka ƙarar sau biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara ga ƙasashen Turai cewa ƙarar motoci a wajen gida kada ta wuce desibel 53 a matsakaicin wuni da dare, da dare kuma kada ta wuce 45. A cikin ɗakin kwana, abin da hukumar ta daɗe tana so shi ne 30. Dalilinta shi ne an gano ƙarar titi tana gutsuttsura barci ko da mutum bai farka sarai ba, kuma idan abin ya ɗauki shekaru yana da hannu a ciwon zuciya. Yaro kuma da bai ƙoshi da barci ba, a aji yake biyan bashin. Wanda yake wuni awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85, jinsa yana raguwa sannu a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar na'ura: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu daga gare ka ya ji ka, to wurin ya kai wannan mataki.

Fatoman da nake sauka wajensa shekaru da yawa dattijo ne ɗan asalin Tawa, gidansa ba shi da nisa da titin. Irin gidajen haya ne na Treichville da ake kira cour commune: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida guda, famfo ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki tun zuwana na farko shi ne, a bakin ƙofar gidan sai ka yi ihu a ji ka, amma a ƙuryar tsakar gida kana jin tafasar butar shayi. Na tambaye shi wata rana, na ce, "Baba, wannan gida naka wane siddabaru aka yi masa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba siddabaru. Ɗakunan gaba na ba masu ajiyar kaya, buhun goro ba ya ƙorafin hon. Masu iyali na kai su baya. Ƙofar nan kuma da ka gani a karkace, da gangan na sa aka karkata ta." Da na duba da kyau sai na ga zaure ne ya gina, irin na gida, wanda ƙofar shiga ba ta kallon ƙofar fita. Kakanninmu sun yi zaure don sutura, kada mai wucewa ya hango cikin gida. Ashe abin da ya tare ido yana rage wa kunne aiki, domin ƙara ta fi ƙarfi inda ta samu miƙaƙƙiyar hanya.

Daga gidan nan da wasu da na zauna a Ajame da Marcory, da kuma ɗan abin da na karanta, ga abin da na tara.

Na farko shi ne zaɓen ɗaki, kuma ya fi duk sauran muhimmanci don shi ne ba ya cin kuɗi. Dokar haya a Kodebuwa ta ƙayyade wata 2 na kuɗin gaba da wata 2 na ajiya, ga kuma la'adar dillali. Wanda ya zuba wannan kuɗi ba ya tashi cikin sauƙi, saboda haka a duba kafin a biya. Dillali zai kai ka ganin ɗaki da hantsi ko ranar Lahadi. Kai kuma ka koma da kanka bayan isha'i, ka sake komawa da asuba, ka tsaya cikin ɗakin ka rufe ƙofa ka saurara. Ka duba ko daga tagar kana hango titi. Idan idonka na ganin tayar mota, kunnenka zai sha ta. Nisa kaɗai ba ya yin abin da ake zato: idan ka ninka tazararka da babban titi sau biyu, abin da ke raguwa bai fi desibel 3 zuwa 4 ba. Amma jerin gini guda a tsakaninka da titi yana iya rage 10 ko fiye. Shi ya sa ɗaki a layi na biyu, bayan dogon gini, ya fi ɗakin da ke nesa amma fili ne fetal tsakaninsa da hanya. A guji kusa da danja da mahaɗar hanya da gindin gadar sama, don nan ne ake taka birki, a danna hon, a sake taka totur. Bene kuma yana yaudara. Iska ta fi kaɗawa a sama, gaskiya ne, amma katangar ƙasa ba ta kare mai hawa na uku, ƙarar tana zuwar masa kai tsaye.

Na biyu, toshe kafa. Ƙara kamar ruwa take, duk inda iska ta bi nan take bi. Yawancin tsofaffin gidajen Abijan suna da tagar gilashi mai falle-falle da ake kira nako. Tana da daɗin iska, amma ko an rufe ta akwai tsaga tsakanin kowane falle. Idan tagar da ke kallon titi irin wannan ce, a nemi izinin mai gida a sauya ta da mai gilashi guda mai kauri da roba a gefuna. Wanda ya samu hali ya ƙara taga ta biyu daga ciki, ya bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu, wannan ya fi komai aiki. Ƙasan ƙofa a sa mata roba ko a naɗe tsohon bargo a tare. Ƙofar katako mai nauyi ta fi ta langalanga nesa ba kusa ba. Ramin da aka huda don waya ko bututu a cike shi da siminti. Rufin kwano marar silin kuwa ganga ne, kafinta ya sa silin, in da hali a shimfiɗa wani abu mai laushi a samansa, zai rage zafi ya rage ƙara.

Sai dai a nan akwai matsala, kuma duk wanda ya kwana a Abijan ya san ta: garin yana da gumi, wanda ya toshe ko'ina zai dahu. Dabarar ita ce a rufe ɓangaren titi a buɗe ɓangaren tsakar gida. Idan ɗakin taga ɗaya gare shi kuma titi take kallo, to wannan ɗakin na kaya ne. Fanka ma tana taimako ta hanya biyu, tana ba da iska, kuma sautinta na bai-ɗaya yana lulluɓe hon ɗin da ke zuwa ba zato, wanda shi ne ya fi tayar da mai barci.

Na uku, tsarin cikin ɗaki. A kawar da gado daga bangon da ke jikin titi, a jingina kabad ɗin tufafi ko dilolin atamfa a wurin. Labule mai kauri da kafet ba sa hana ƙara shigowa sosai, kada a ruɗe ku a kasuwa, amma suna kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki, sai kunne ya ji sauƙi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare komai, sai tara kyankyasai da haɗarin gobara. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da rashin kafa. Wata Hajiya maƙwabciyar fatomana, mai sayar da turaren wuta, ta ba jikokinta ɗakin ƙurya ita ta dawo na gaba. Da ɗanta ya yi mata magana sai ta ce, "Kai dai bar ni, ni na gama makarantata, su ne ke da jarrabawa." Bayan ɗan lokaci ɗan ya sauya mata taga, kowa ya huta.

Na huɗu, katanga, ga wanda gidan nasa ne. Katangar bulo da aka cike aka shafe, wadda tsawonta ya kai ta ɓoye maka motocin gaba ɗaya, takan rage desibel 5, in ta ƙara tsawo har zuwa wajen 10. Bulo mai ado da huda-huda, ko ƙyauren ƙarfe mai sanduna, suna zubar da rabin amfanin. Itatuwa kuma a shuka su don inuwa da tare ƙura da sanyin ido, amma layi ɗaya na dogonyaro ko mangwaro ba ya rage ƙara yadda za a ji. Sai kurmi mai kauri na wajen mita 30 kafin a samu ragin desibel 5, wa ke da wannan fili a Treichville?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai haya, sai hukuma. A Faransa da Jamus da Japan ana gina dogayen shingaye a gefen manyan hanyoyi inda suka ratsa unguwanni. A Holan suna shimfiɗa wata irin kwalta mai ƙananan ramuka da ke shanye ƙarar taya. Rage gudu ma magani ne, domin da zarar ƙaramar mota ta wuce kilomita 40 zuwa 50 a awa, ƙarar tayarta ta fi ta injinta. Abijan ta zuba kuɗi sosai a hanyoyi: gadar Henri Konan Bédié tsakanin Riviera da Marcory a Disambar 2014, babbar hanyar Bassam a 2015, gadar sama ta mahaɗar Solibra a Treichville da Japan ta taimaka aka buɗe a 2019, gadar Alassane Ouattara a 2023, da gada ta huɗu da ta haɗa Yopougon da ɓangaren Ajame a 2024. Ana kuma aikin jirgin ƙasa na cikin gari daga Anyama, garin goro, zuwa Port-Bouët. Waɗannan sun rage wa matafiyi wahala. Amma lissafin ƙara yana da taurin kai: ko an raba motocin titi biyu an kwashe rabi, desibel 3 kacal ke raguwa, kuma hanyar da ta buɗe gudu take ƙarawa. Saboda haka sabuwar hanya ba ta isa ba, sai an yi ta da tunanin wanda zai kwana a gefenta.

Doka ma akwai. A 2016 gwamnatin Kodebuwa ta fitar da dokar da ta tsara ƙarar da ke damun maƙwabta, Najeriya kuma tana da tata tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Legas ta taɓa ware ranar 15 ga Oktoba 2014 a matsayin ranar da ba a danna hon. Mai haya guda ba zai je ofishin magajin gari a saurare shi ba, balle baƙo, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai. Idan suka haɗa kai da 'yan ƙasa maƙwabtansu, za su iya neman a hana lodi a ƙofar gidaje bayan wani lokaci na dare, ko a matsar da wurin tsayawar manyan motoci. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, cikin masu tirela da masu babur da masu lasifikar talla akwai namu da yawa. Direban da ya gyara salansarsa, ya kashe inji idan ya tsaya a unguwa, ya ɗaga hannu daga hon da tsakar dare, ya yi wa mutane alherin da ba su san wanda za su gode wa ba.

Wanda kansa ya ɗau zafi, ya hau motar Bassam ɗin nan da ake ta kira a kunnensa. In hanya ta yi kyau, bai fi awa guda ba ya isa. Ya wuce sabon gari ya haye ƙaramar gada zuwa tsohuwar unguwar Turawa da ake kira Quartier France, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Tsofaffin gidajen kamfanoni ne masu baranda da kaurin bango, wasu an gyara, wasu itatuwa sun tsiro a cikinsu, ga tsohon gidan gwamna da aka mayar gidan tarihin tufafi. Teku na nan yana ruri dare da rana, ƙararsa ba ƙarama ba ce, amma mutum yana barci a gefensa kamar jariri, saboda sauti ne mai tafiya bai-ɗaya, babu firgita a cikinsa. A dai kiyaye shiga ruwan, igiyarsa tana da ƙarfi ƙwarai.

Maganata ta ƙarshe ga masu tara kuɗin Abijan suna gini a gida ce. Kowa burinsa fili a bakin kwalta, a hanyar Zariya ko ta Katsina a Kano, ko a bakin babbar hanyar da ta ratsa Maraɗi zuwa Damagaram, don shago ya yi ciniki. Wannan lissafi daidai ne ga shago. Amma titin da yau kake ƙirga motocinsa da yatsu, nan da shekara 10 yana iya zama tagwaye da gadar sama a kansa, mutanen Ƙofar Nasarawa da Dangi sun ga haka da idonsu. Tun a takardar zane ka gaya wa magini: shaguna da sito a gaba su zama garkuwa, zaure a karkace, kicin da banɗaki a ɓangaren titi, ɗakunan kwana a ƙurya suna buɗewa cikin tsakar gida. Bulo nawa ne za ka saya ko ta yaya ka jera su, bambancin kawai inda ka sa kowane ɗaki. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya ba iyalanmu barci mai daɗi.